Babi na Shida: Wa Ke Zaɓar Abin da Idonki Ke Gani?

Ranar Talata kasuwar Kawo ta Kaduna take ci. Tun da hantsi motocin ƙauye ke sauke kaya, buhunan masara da dawa, kaji a keji, kwandunan tumatir, masu Keke Napep kuma suna rige-rigen fasinja a gindin gadar saman nan da aka buɗe a Janairun 2022. Wanda ya ratsa 'yan hatsi da 'yan gwari ya kutsa ciki zai iske teburan masu man shafawa da sabulai. Kwalabe ne jere reras, wasu da rubutun Faransanci, wasu ko takarda babu a jikinsu sai launi kawai, wannan ruwan ƙwai, wancan ruwan hoda. Sana'ar ta daɗe. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yadda ake cinikin. Da, mace takan faɗi sunan man da take so. Yanzu waya take miƙawa.

“Malam, dubi wannan. Irin hasken nan nake so.”

Mai tebur ya karɓi wayar, ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, ya jinjina kai.

“Hajiya, wannan ai sai haɗi. Yaushe ne bikin?”

“Saura sati uku.”

“Zai yi. Amma fa ki guji rana.”

Wadda ke cikin hoton, da za a kawo ta gaban teburin nan da tsakar rana, ita ma sai ta nemi a haɗa mata man, domin ba ta kai hotonta ba. Kafin a ɗauke shi ta yi awanni a hannun mai kwalliya. An dasa mata fitila mai zobe a gaban fuska, irin wadda ke share inuwa da duk wani tabo. An ɗauki hotuna rututu an zaɓi ɗaya. Mai hoto ya kai shi kwamfuta ya goge ƙuraje, ya daidaita launin wuya da na fuska, ya ɗan matse ƙugu. Sannan ita ma da za ta ɗora ta ƙara masa filta. Wasu wayoyin ma tun daga kamfani kyamarar gabansu take zuwa da gyaran fuska a kunne, ta sulɓe fata ta ƙara haske ba tare da an tambaye ta ba. A Fabrairun 2023 TikTok ya fito da wata filta mai suna Bold Glamour wadda ta tayar da ƙura a duniya, saboda tsofaffin filtoci in ka gifta hannu a fuska sukan zame su tona kansu, ita kuwa ba ta zamewa. Tana siranta hanci, ta cika leɓe, ta ɗaga kunci, mutum na magana yana dariya tana biye da shi. Mai sayen mai a Kawo tana biyan kuɗi, tana kuma sa fatarta a haɗari, don ta kamo fuskar da babu mai ita.

Gwada kai da wasu ba waya ta kawo shi ba. Kakanninmu ma sun yi. A gidan biki ake ganin zanen wance da awarwaron wance, a dawo gida a kwana ana juyi. Kirarin nan na “farar mace alkyabbar mata” ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya rubuta tun 1954 cewa in mutum ya rasa ma'aunin da zai auna kansa da shi, to da mutanen da yake gani yake aunawa. Sai dai a da, mutanen da yarinyar Kawo ko Hayin Banki ko Unguwar Dosa take gani ƙidayayyu ne, kuma tana ganinsu a kowane hali. Amaryar da ta haska ranar kamu, bayan wata guda za a gan ta da ɗaurin ƙirji tana wanke-wanke, ido ya kumbura da barci. Ma'aunin yana gyara kansa da kansa. Yanzu kuwa kafin ta sauko daga gado ta ga amare hamsin, daga Abuja, Kano, Legas, Dubai, kowacce a ranar da ta fi kyau a rayuwarta, kuma babu wadda za ta sake gani da ɗaurin ƙirji.

Masu waɗannan dandali sun san da haka. A Satumban 2021 jaridar Wall Street Journal ta fara buga wasu takardun cikin gida na kamfanin Facebook, waɗanda wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Frances Haugen, ta kwaso ta fito da su. Ranar 5 ga Oktoba ta zauna gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ta ba da bayani. A cikin takardun akwai binciken da kamfanin ya yi da kansa, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya suka ce a lokacin da suke jin ba su gamsu da jikinsu ba, Instagram ƙara musu yake yi. Kamfanin ya mayar da martani cewa an karanta binciken a karkace, wai a yawancin matsalolin da aka tambaya, kamar kaɗaici da baƙin ciki, waɗanda suka ce dandalin ya taimake su sun fi yawa. Amma ko a wannan kariyar tasu sun yarda cewa batun jiki shi ne inda abin ya fi muni. A Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a kafofin sada zumunta sun ninka sauran a haɗarin alamun ciwon damuwa da fargaba. Har yau masana na gardama a kan wanne ya jawo wanne: wayar ce ke kawo damuwa, ko mai damuwa ne ke fakewa a waya? A ganina duka biyun ne, kuma gardamar ba ta hana mutum ya lura da abin da ke faruwa a ƙirjinsa.

Waɗancan alƙaluman na 'yan matan Amurka ne da Ingila, inda ciwon ya fi karkata ga son rama da ƙin abinci. Namu ya ɗauki wata hanyar. A nan haske ake bi, da cikar jiki. Siririyar yarinya ita ake tsokana, a ce iska za ta ɗauke ta, a ce ko ba a ba ta abinci a gidansu. Saboda haka tallan da ke bin 'yan matanmu a Instagram da TikTok da sitatus ɗin WhatsApp na man bilicin ne, da maganin ƙiba, da na ƙarin ƙirji da mazaunai, da kayan mata, kowanne da hotuna biyu gefe da gefe, na kafin da na bayan, da lambar asusun banki a ƙasa.

Ya kamata a san abin da ke cikin waɗannan kwalabe. Ƙwayar nan da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, galibi dexamethasone ce, wani lokaci a haɗa ta da cyproheptadine. Ta biyun maganin ƙaiƙayi da atishawa ce, tana buɗe ciki tana sa barci. Ta farkon kuwa magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa a ƙididdige don asma da kumburi da makamantansu. In an daɗe ana sha, jiki na tara ruwa da kitse a fuska da ciki da doron wuya, sai a ga kumatu sun cika a ce yarinya ta yi kyau, alhali kumburi ne. Bayan haka sai hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki, raunin ƙashi, da karyewar garkuwar jiki. Man bilicin kuma, musamman na haɗi wanda babu mai sanin awonsa, yawanci ba ya wuce abu uku: hydroquinone, wanda hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, sai maganin nan mai siranta fata irin su clobetasol, sai mercury mai lalata ƙoda. Da farko fata ta yi haske. Daga baya ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage hannu da cinya, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, rauni ya ƙi warkewa. Wani tsohon rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, kuma a Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce lamarin ya kai matsayin dokar ta-ɓaci ta lafiya a ƙasa. A Kano ta faɗi haka.

Kada maza su karanta wannan suna murmushi. Nasu ma'aunin daban ne kawai. Saurayin da ke sayar da caja da gilashin waya a tashar Kawo, yana bin motocin Zariya da Kano da Katsina taga-taga, in ya zauna hutawa abin da ke gilma masa shi ne sa'anninsa a cikin shadda mai maiƙo, jingine da mota, ko a filin jirgi da fasfo a hannu, ko suna nuna hoton ribar kirifto. Bai san motar ta wa ce ba, bai san bashin da ke bayan shaddar ba. Sai tallan maganin ƙarfin maza, da na sanƙo, da na tumbi, kowanne na gaya masa cewa akwai abin da ya rasa. Akwai samarin da ke shafa man su ma, a ɓoye. Wata ɓarnar kuma, idon da ya saba da fuskar filta shi zai je zance, shi zai zauna da mata a gida, ya riƙa ganin kamar an cuce shi.

To wa ke jero wa mutum waɗannan hotuna? Yawancin abin da ke fitowa a TikTok, da kaso mai yawa na Instagram da Facebook, ba daga waɗanda kika zaɓi bi yake zuwa ba. Na'ura ce ke lissafi, kuma babban abin da take aunawa shi ne tsayawa. A 2021 'yan jaridar Wall Street Journal sun buɗe asusun ƙarya fiye da 100 a TikTok don su gane sirrin, suka tarar ba sai an danna alamar so ko an rubuta komai ba: daƙiƙun da aka yi a kan bidiyo, da sake kallonsa, sun isa na'urar ta gane inda zuciya take, ta yi ta turo irinsa. Na'urar ba ta bambance kallon sha'awa da kallon takaici. Wadda ta tsaya a kan bidiyon wata mai tallan maganin ƙiba tana tsaki, ta buɗe sharhin mutane ta karanta, ta tura wa ƙawarta da “ke dubi wannan don Allah”, ta kaɗa ƙuri'a uku ke nan cewa a ƙaro mata. Gobe ta ga biyar, jibi goma, har ta fara zaton duk matan duniya haka suke, ita kaɗai aka bari. Ƙarshen shafin kuma ba ya zuwa. Wanda ake danganta ƙirƙirar wannan ja-ba-iyaka da shi a 2006, Aza Raskin, ya fito daga baya yana nadama.

Mu a Arewa, in ana maganar soshiyal midiya kusan kullum maganar tarbiyya ce, wato abin da 'yan mata ke ɗorawa. Rahama Sadau, 'yar Kaduna, ta sha ruwan zagi a Nuwamban 2020 saboda wasu hotuna. A Fabrairun 2024 Hisbar Kano ta kama Murja Ibrahim Kunya, aka yi makonni ba a zancen komai sai shi. Ana iya yin saɓani a kan waɗannan, ba su ne gabana ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ba a cika tambayar halin da mai kallo take ciki ba, yarinyar kirki mai hijabi har ƙasa wadda ba ta taɓa ɗora hotonta ba, iyayenta na alfahari da ita, amma kullum sai ɗayan dare take ajiye waya, kuma ta daina son madubi. Malamai sun saba yi mana wa'azin runtse ido a kan kallon wanda ba muharrami ba. Akwai wani hanin a Suratu Ɗaha da Suratul Hijri da bai samu irin wannan kulawar ba, wanda ya hana zura ido ga jin daɗin duniya da aka bai wa wasu. A Sahihu Muslim ma akwai hadisin da ya umarci mutum ya dubi na ƙasa da shi a abin duniya don kada ya raina ni'imar da aka yi masa. Shafin farko na Instagram kuwa an gina shi ne a kan akasin haka.

Gidan Bahaushe yana da zaure. Baƙo a nan yake tsayawa ya yi sallama, a aika yaro ya ga ko waye, sannan a san ko za a ce ya shigo ko a fito a same shi. Wasu har rubutawa suke a bango: ba a shiga. Babu wanda ya taɓa kiran wannan wulaƙanci. Waya kuwa ta zo babu zaure, mai tallan mai da mai zagi da mai nuna arziki duk suna wucewa kai tsaye har kan gado. Gina mata zaure aiki ne na mai ita, kuma kayan aikin suna cikinta.

Matakin farko ba ya buƙatar danna komai. Ki yi kallonki yadda kika saba, amma duk shafin da kika wuce ki tambayi kanki abu ɗaya: da na bar wurin nan, na ƙaru ko na ragu? Jiki yakan riga baki ba da amsa. Wani shafin in kin bar shi sai ki ji kina son tashi ki gwada ɗinkin da kika gani ko girkin. Wani kuwa sai ki ji ƙirji ya yi nauyi, ki shafa kumatu, ki dubi bayan hannunki, ki dubi labulen ɗakinki ki ga ya tsufa. Ba lallai mai shafin ta yi laifi ba. Tana iya zama mutuniyar kirki mai neman halalinta. Ba shari'a ake yi mata ba, lissafi kike yi wa kanki.

Baƙin da ba ki sani ba, nasu mai sauƙi ne: a yi musu anfolo, masu zagi da masu naci a yi musu bulok. Abin da na'ura ke turowa da kanta kuma, a Instagram da Facebook akwai ɗigo uku a saman kowane hoto, a TikTok kuma dannawa ake a riƙe bidiyon, sai zaɓi ya fito na cewa ba kya sha'awar irinsa. Sau ɗaya ba ya isa, sai an nace, kuma a haɗa da saurin wucewa, domin in kin ce ba kya so amma kina tsayawa, tsayawar za ta gaskata. Instagram da TikTok suna da wurin rubuta kalmomin da ba a son gani, kuma a nan ki rubuta su yadda masu tallan ke rubutawa, da Hausa da Turanci da gauraye: bilicin, haɗin amarya, ƙiba, hips, kayan mata. In abin ya cakuɗe gaba ɗaya, tun Maris na 2023 TikTok ya sa hanyar wanke shafin farko ya koma kamar na sabon shiga, Instagram ma ya sanar da irin tasa a Nuwamban 2024. Tun 2021 a Instagram ana iya ɓoye adadin masu son hoto, naki da na wasu, kuma tun 2022 Instagram na da zaɓin ganin waɗanda kike bi kaɗai, a jere bisa lokaci.

Inda gizo ke saƙar shi ne 'yan uwa da ƙawaye. Mai sa ki jin kin ragu sau da yawa ba wata tauraruwar Kannywood ba ce. 'Yar gwaggonki ce da ta auri mai kuɗi a Abuja, ko ƙawar makaranta da ke ɗora kowace fita, ko matar yayanki mai sayar da man haɗi a sitatus, safe da yamma. A wurinmu cire irin waɗannan daga waya kusan gaba ce, kuma za a gane, kuma maganar za ta kai kunnen manya. Saboda haka ne nake ganin miyut ya fi kowane maɓalli dacewa da Bahaushe. Instagram ya kawo shi a 2018: kina nan cikin mabiyanta, zumunci bai taɓu ba, amma hotunanta sun daina zuwa, ita kuma ba a sanar da ita. Facebook na da na kwana 30. A WhatsApp ana iya rufe sitatus ɗin mutum ya koma can ƙasa inda sai an neme shi. Gurup ɗin anko da aka gama bikinsa tun bara ana iya fita, kuma tun 2022 masu kula da gurup kaɗai ake sanarwa in mutum ya fita.

Sai dai akwai masu bin sunayen waɗanda suka kalli sitatus ɗinsu ɗaya bayan ɗaya.

“Ke kuwa kwana biyu ba na ganinki a sitatus ɗina. Ko na yi laifi ne?”

“Haba Anti, wane irin laifi? Rage kallo na yi wallahi, data ta yi tsada.”

Ba ta yi ƙarya ba. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, kuma bidiyo ne ya fi komai shan ta. Yarinyar da ke ɗinkin hula ko sayar da awara ta tara kuɗin data, ta ƙarar da ita wajen kallon abin da zai hana ta barci, da guminta ta sayi ɓacin ran. In Anti na son a san tana raye, a kira ta ranar Juma'a a gaishe ta, ko a je. Ya fi kallo ɗari.

Gurbin da aka share ba ya zama fanko, in ba ki cika shi ba na'ura za ta cika. A nan ma zaɓi ne. Akwai masu koyar da yanka da ɗinki, da girki, da lalle, da lissafin jari, da karatun Alƙur'ani, akwai likitoci da ma'aikatan jinya na gaske da ke bayani da Hausa. Ki nemi kuma mata masu kama da ke, baƙaƙe da wankan tarwaɗa, sirara da masu jiki, masu tabon ƙuraje, waɗanda ke harkar gabansu ba jikinsu suke nunawa ba. Ido yana koyon abin da yake yawan gani, ya mai da shi daidai. Lokaci ma yana da tasiri. Wasu masu bincike a Ottawa ta Kanada sun wallafa a 2023 cewa ɗalibai matasa da aka sa suka rage kallo zuwa kimanin awa 1 a rana, cikin makonni 3 kacal sun fi jin daɗin kamanninsu da nauyin jikinsu fiye da waɗanda aka bari yadda suke.

Mutumin Kaduna yana da wani nauyin da waɗancan masu binciken ba su auna ba. A Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando, ba nisa da Kawo. A Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Disamban 2023 bom ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri. Kowanne da bidiyonsa, na waɗanda ake duka a daji suna roƙo, na gawarwaki a jere, kuma duk sun bi gurup-gurup har cikin wayoyin yara da masu juna biyu da tsofaffi masu hawan jini. Mai turawa yana ganin taimako yake, a sani a yi addu'a. Ana iya sanin labari daga rediyo ko jarida ba tare da an kalli jinin ba, addu'ar ma ba ta buƙatar hoto. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Wanda ya kashe shi, shi zai zaɓi abin da zai buɗe, kuma data ɗinsa za ta ƙara auki.

Duk wannan gyara yana da iyaka, kuma rashin faɗin iyakar ha'inci ne. In mutum ya yi makonni ba ya barci, abinci ya fita ransa, ya daina shiga mutane, ya ƙi zuwa biki don kada a ga fuskarsa, ko tunanin mutuwa ya fara zuwar masa, wannan ya wuce maganar maɓalli. Ciwo ne, kuma yana da magani. A Barnawa, ƙetaren kogi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, kuma zuwa can ba ya nufin hauka, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin makanta. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Kawo a nemi a tura mutum. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na a rufa masa asiri. Wadda ta daɗe tana shan sha-ka-fashe kuma, kada ta yanke shi rana ɗaya don ta karanta wannan babi. Jiki yakan daina samar da nasa sinadarin in ya saba da na ƙwaya, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Likita ne zai riƙa rage shi a hankali.

Wasu ƙasashen sun zaɓi doka. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla in an gyara surar jikin mai tallan, Norway ta bi sahu a 2022, Ostireliya kuma ta zartar da doka a Nuwamban 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a manyan dandali. Kamfanonin ma sun sa nasu shingen: TikTok ya ce sai mai shekara 13, kuma tun 2023 yana sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana. Duk waɗannan an gina su ne a kan zaton kowane yaro da wayarsa da asusunsa. A yawancin gidajen Kawo ba haka abin yake ba. Waya ɗaya ce, ta uwa ko ta yaya, in an idar da sallar isha'i 'yar shekara goma ta ce “Yaya, ara mini in yi gem”, ta shige ɗaki da ita. Na'urar ba ta san hannu ya canja ba. Abin da babbar ta koya mata da tsayawarta da tsakinta, shi za ta zuba wa ƙaramar, tallan haɗin amarya da na ƙarin ƙirji da bidiyon daji, babu ragi. Mai ba da aron waya ya kamata ta fita daga asusunta tukuna, ko ta sa wa manhajojin makulli, ko kuma ta zauna kusa su kalla tare, ta ga da idonta abin da ke fitowa bayan bidiyo na uku.